Gwani a Ƙofar Gida, Aji Babu Malami: Isar da Ilimin Fasahar Ƙirƙira ga 'Ya'yan Talakawa a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin ilimin fasahar ƙirƙira, wato zane da ƙira da saƙa da waƙa da wasan kwaikwayo, a makarantun da 'ya'yan talakawa ke zuwa a Arewacin Nijeriya: firamaren gwamnati ta ƙauye da ta unguwannin marasa galihu, da makarantun allo, da na 'ya'yan makiyaya. An bi takardun manufofin ilimi, da tarihin koyar da fasaha a yankin, da wasu nazarce-nazarcen masana. Maƙalar ta nuna cewa darasin yana cikin manhaja amma bai cika sauka a aji ba, alhali gwanayen da za su iya riƙe shi suna zaune a unguwannin da makarantun suke. Ta kawo shawarar a haɗa malamin aji da gwanin unguwa, a fara da kayan da ke ƙasa, sannan a buɗe wa yaron da ya nuna baiwa hanyar wucewa gaba.

1.0 Gabatarwa

Sashe na 31 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha. Hukumar UNESCO ta kira manyan taruka uku a kan koyar da fasaha: a Lisbon a 2006, a Seoul a 2010, sai Abu Dhabi a 2024. A cikin gida kuma, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, manhajar da hukumar NERDC ta tsara aka fara aiki da ita a 2008 ta tattara zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda na Al'adu da Fasahar Ƙirƙira. Da aka yi wa manhajar kwaskwarima aka rage yawan darussa, aka fara aiki da sabuwar a 2014, wannan darasi bai faɗi ba.

A takarda ke nan. A aji kuwa labarin ya danganta da aljihun uba. Ɗan mai hali da ke makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna yana da fensirin kala da takardar zane da malamin da ya karanci abin. Ɗan manomi a ƙauye yakan kwafi ma'anar launi daga allo, ya haddace ta, ya rubuta a jarrabawa, ya fita firamare bai taɓa haɗa launi biyu da hannunsa ba. Almajiri da 'yar talla da ɗan kiwo kuwa ba su ma cikin lissafin. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, wasu ƙididdigogin baya-bayan nan ma sun haura haka.

Tambayar maƙalar ita ce: ta wace hanya ilimin nan zai isa ga waɗannan yara, da kuɗin da jihohi ke iya fitarwa, kuma cikin sigar da iyaye za su yarda da ita?

2.0 Me Ya Sa Za a Damu?

Akwai masu cewa yaron da bai iya karatu da lissafi ba, zane ba shi ne matsalarsa ba. Maganar tana da nauyi, don haka ya kamata a amsa ta da hujja, kuma kada a zuzuta hujjar.

A 2013 ƙungiyar OECD ta fitar da wani bita na binciken da aka yi a kan tasirin fasaha ga sauran darussa, wanda Ellen Winner da abokan aikinta suka rubuta. Sun gano cewa da'awar da ake yawan yi, wai koyon fasaha yana ɗaga makin lissafi, ba ta da ƙaƙƙarfar hujja. Inda hujjar ta yi ƙarfi shi ne wasan kwaikwayo a aji: yana ƙara wa yara fahimtar labari da iya magana. A 2019 kuma Daniel Bowen da Brian Kisida suka ba da rahoton gwajin da aka yi a makarantu 42 na birnin Houston a Amurka, da ɗalibai sama da 10,000, mafi yawansu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Makarantun da aka ƙara wa ayyukan fasaha sun samu raguwar laifuffukan ɗalibai, rubutun yaran ya inganta, tausayinsu ga juna ya ƙaru.

Waɗannan sakamako daga wata ƙasa suke, ba za a ɗauko su a dasa a Ɓatagarawa ko Gumel yadda suke ba. Amma sun yi daidai da abin da malaman Hausa suka daɗe da ganewa. Nana Asma'u ta ilimantar da matan karkara ta hanyar waƙoƙin da jajiyoyin 'Yan Taru, wato matan da ta horar, ke haddacewa suna kaiwa gida-gida. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makarantar Midil ta Bauci, ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kai. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971 domin yaran firamare su koyi karatu da abin da kunnensu ya saba da shi. Ga yaron da ke zaune a ƙasa cikin ajin da ya cika ya batse, darasin da zai sa shi ya tashi ya yi wani abu da kansa yana iya zama dalilin dawowarsa gobe. Bayan haka akwai batun abinci: ɗinki da rini da dukanci da fim da zanen kwamfuta sana'o'i ne da ke ciyar da gidaje masu yawa a Arewa.

3.0 Waiwaye

Tarihin makarantun boko na gwamnati a Arewa ya fara ne tare da fasahar hannu. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa ta Kano daga 1909, har da makarantar sana'a, inda gwanayen gari suke koyar da dukanci da ƙira da saƙa da ɗinki. Tun ran farko ke nan an gane cewa malaman wannan fanni suna cikin gari. Sai dai tsarin ya zo da wani aibi: 'ya'yan sarakuna suna da tasu makarantar ta shirin mulki, aikin hannu kuma aka bar wa na ƙasa. Wannan rabo ya bar tabo a tunanin mutane, har yau ana kallon aikin hannu a makaranta a matsayin rabon wanda kansa bai ja ba.

A ɗaya ɓangaren, Zariya ta zama cibiyar koyar da zane a matakin gaba da sakandare tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta yi kira a gina sabon zane a kan gadon gida maimakon kwaikwayon Turai. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo ya sabunta shi. Kusan dukkansu daga Kudu suka zo, kuma tunanin nasu ya yi tasiri a jami'o'i da ɗakunan baje koli, amma bai gangara zuwa firamaren ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ba.

Misali na uku shi ne Ladi Kwali. A wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane irin na Gwari, ba ta yi boko ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Daga nan aikinta ya zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Gida ne ya ba ta gwaninta, cibiyar ta ba ta sabbin dabaru da kasuwa. Da ɗayan ya ɓace, da ba mu san sunanta ba.

4.0 Abin da Ke Ƙasa

Unguwar talaka ba kufai ba ce ta fuskar fasaha. A tsangaya, yaro yana feƙe alƙalaminsa na gamba, yana haɗa tawada da gawayi da ƙaro, yana koyon daidaita layi a kan allo. Idan sauka ta zo, sai a yi wa allo zayyana, wadda aiki ne na awo da maimaita siffa da zaɓen launi. Salah Hassan ya yi cikakken littafi a kan wannan fasaha ta malaman Hausa a 1992. Kano ta fitar da marubuta Alƙur'ani irin su Sharu Bala Gabari, waɗanda aka buga rubutun hannunsu ya bazu a Afirka ta Yamma. Masu ɗinkin babbar riga suna riƙe da aska takwas da aska biyu da dagi, waɗanda David Heathcote ya nazarta a Zariya har aka baje su a Landan a 1976. Akwai marinan Ƙofar Mata, da magina masu bakan gizo da zanko da shafen makuba, magadan Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Akwai masu saƙar faifai da tabarma, da masu zanen ƙwarya, da masu ƙunshi.

Yaran kansu ma ba zaune suke ba. Suna ƙera motar kara da ta langalanga, suna gina shanu da laka, 'yan mata suna gaɗa a dandali suna ƙirƙirar baitoci nan take. Daga goma ga watan azumi sai tashe: yara su raba matsayi, su haɗa kayan wasa da tsumma da auduga da baƙin tukunya, su fita gida-gida. Wannan wasan kwaikwayo ne cikakke, da marubuci da darakta da 'yan kallo, ba tare da kwabon gwamnati ba.

Matsalar ita ce wannan gado ba ya isa ga kowa, kuma yana ƙanƙancewa. Sana'a takan bi gida: ɗan marini ke koyon rini, ɗan maƙeri ke zama a maƙera. Dandali ya ragu a birane, rashin tsaro ya hana wasan dare a ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato, yaran da ke sansanonin gudun hijira kuma an raba su da dattawan da za su koya musu. Makaranta ce kaɗai wurin da za a iya buɗe wannan taska ga kowane yaro ba tare da tambayar gidan da ya fito ba.

5.0 Abubuwan da Ke Tare Hanya

Na farko malamai. Darasin ya haɗa fannoni uku, amma kwalejojin ilimi sukan horar da mutum a fanni guda, waɗanda suka karanci zane kuma ba su da yawa, kuma birni suka fi zama. A ƙauye darasin yakan faɗa hannun duk malamin da ke da sarari a jadawali, shi kuma ya koyar da shi yadda ya iya, wato da alli da bayani.

Na biyu kaya. Littattafan darasin sukan ɗauka cewa akwai fenti da buroshi da kwali, abubuwan da uban da ke fama da kuɗin awo ba zai saya ba.

Na uku jarrabawa. Jarrabawar shiga sakandare ba ta auna abin da yaro ya ƙera da hannunsa. Abin da ba a aunawa kuwa shi ake fara yanka idan lokaci ya ƙure.

Na huɗu matsayi. M. G. Smith ya nuna tun a shekarun 1950 yadda tsarin zaman Hausawa ya ajiye makaɗa da maroƙa a ƙasan jerin sana'o'i. Uban da ya ji an ce ana koya wa ɗansa kiɗa a makaranta, abin da zai faɗo masa shi ne roƙo.

Na biyar addini. Akwai saɓanin malamai a kan kayan kiɗa da zana abu mai rai, kuma iyaye da yawa suna bin ra'ayin da ya tsananta. Abin da ya faru a 2016, lokacin da aka janye shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan malamai sun yi ca a kansa, ya isa darasi ga duk mai tsara shiri daga ofis ba tare da ya zauna da jama'a ba. Masu tsara manufa sukan ɗora laifin a kan iyaye, su ce ba su waye ba. Wannan barin jaki ne a daki taiki: manhajar ce ta zo da sigar da ba ta san mutanen ba.

Na shida lokaci. Talla da kiwo da bara da aikin gona suna cin sa'o'in da yaron birni mai gata ke yin zane a cikinsu.

6.0 Shawarwari

6.1 Malami da gwani a aji ɗaya. Kowace firamare ta gwamnati ana sa ran tana da kwamitin gudanarwa na al'umma. A ɗora wa kwamitin aikin rubuta sunayen gwanayen yankin, maza da mata, a zaɓi biyu ko uku kowane zango su riƙa shigowa sau ɗaya a mako, a ba su ɗan alawus. Gwani ya nuna aiki, malami ya riƙe tsari ya ɗaure shi da sauran darussa: saƙar faifai da ƙirga, zayyana da kusurwa da da'ira, tatsuniya da rubutun zube. Kuɗin bai kai albashin sabon malami ba, kuma ana iya ware shi daga kason horar da malamai da kayan koyarwa na asusun hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, wanda doka ta ba kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya.

6.2 Kayan gida. Laka da kaba da kara da gawayi da jar ƙasa da lalle da baba da ƙyallayen tela sun isa a riƙe darasi shekara guda. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su fitar da jagoran malami da Hausa, da Fulfulde da Kanuri inda ya dace, wanda aka gina a kan waɗannan kaya.

6.3 Tsangaya. Gwamnatin tarayya ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, amma da yawansu sun lalace ko an sauya musu aiki, domin gini aka sa a gaba. Hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023 tana iya bin wata hanya. Ranakun Alhamis da Juma'a hutu ne a tsangaya. A cikinsu, da izinin alaramma kuma a zaurensa, a koyar da kyautata rubutu da zayyana da ɗinkin gafaka da ɗinkin hula. Ba a nan kuma abin zai tsaya ba. A 2011 wasu almajirai tara a Kano, tare da mai bincike Hannah Hoechner, suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi a kan rayuwarsu. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Yaran da aka saba magana a kansu sun yi magana da bakinsu.

6.4 'Yan mata. A fara da malamai mata da gwanaye mata, a makarantun Islamiyya da cikin gidajen da iyaye suka amince da su, a kuma zaɓi lokacin da bai ci karo da talla ba. Kada a tsare su a ƙunshi da saƙa kawai. A ba su alƙalamin zayyana da rubutun waƙa da wasan kwaikwayo.

6.5 Zama da malaman addini tun farko. Fagen da babu saɓani a cikinsa yana da faɗi: rubutu, zanen siffofi da tsirrai, gini, saƙa, rubutacciyar waƙa, tatsuniya, kwaikwayo mai koyar da tarbiyya. A fara daga nan. Inda al'umma ta yarda da kalangu ko sarewa ko mandiri sai a ƙara, inda ba ta yarda ba kada a tilasta.

6.6 Aunawa. A ba aikin hannu kaso bayyananne a makin zango, kowane yaro ya tara ayyukansa, a baje su ranar rufe makaranta a gaban iyaye da mai unguwa. Uban da ya ga hular da ɗansa ya ɗinka ba ya buƙatar dogon bayani.

6.7 Matakala zuwa sama. Wannan ce shawarar da za ta hana a maimaita aibin zamanin Ɗan Hausa. Idan ɗan talaka ya tsaya a laka da kaba, ɗan mai kuɗi yana kan kwamfuta, an sake raba yara gida biyu. Don haka a shirya gasa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, a ba waɗanda suka yi fice tallafin karatu. Sassan zane da wasan kwaikwayo na jami'o'i da kwalejojin ilimi su riƙa tura ɗalibansu koyon koyarwa a ƙauyuka da kyamara da kwamfuta. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da gogewa a kai wasan kwaikwayo ƙauye tun shekarun 1970. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da sauran gidajen tarihi su ware ranar shigar 'yan firamaren gwamnati kyauta. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama ya haɗa baje koli da rumfunan masu sana'a da cibiyar koyar da yara a harabar guda, abin da jihohinmu za su iya dubawa.

6.8 Kariya. Aji ba masana'anta ba ne. Kada darasin ya zama hanyar sa yara aikin da wani zai sayar ya ci riba. Wuƙa da wuta da sinadarin rini sai manyan ɗalibai, a gaban malami, kuma duk gwanin da zai shiga aji sai kwamiti ya san halinsa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa doka ta ba 'ya'yan talakawa haƙƙin ilimin fasahar ƙirƙira, manhaja ta tanade shi, unguwanninsu kuma cike suke da masu iya koyar da shi. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai shigo da gwani aji, ya biya shi, ya auna aikin yaro, ya kuma buɗe masa hanyar gaba. Shawarwarin da aka kawo ba su buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma. Ana iya gwada su a makarantu kaɗan na ƙaramar hukuma guda har tsawon shekarar karatu ɗaya, a kwatanta zuwan ɗalibai da iya karatunsu da na makarantun da ba a taɓa ba. Irin wannan gwaji ne sassan ilimi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu ya kamata su ɗauka, domin idan an je gaban kwamishina neman kasafi a je da hujjar da aka samo daga Arewa.